Ƙwaryar Nono a Kan Kwamfutar Malam Akawu

Idan mutum ya san wanda ya yi masa laifi, ya ƙyale shi, ya juya ya ɗora wa wani, rufin asiri ya yi ko azaba? Yau kwana arba'in da uku da rasuwar maigidana. Ina cikin takaba, kuma kullum da wannan tambayar nake tashi. Wanda zai ba ni amsa yana kwance a maƙabartar bayan gari. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mana ni da shi.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata ce take rubuta wannan, malamar makaranta ce a nan Kazaure. Ina faɗa, tana sa biro. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta rage. In mun gama, a karanta wa yayanta, ɗana na fari, wanda yake sayar da hatsi a Babura. A karanta wa gwaggonsu, ƙanwar marigayi. A karanta wa duk wanda ya zauna a tabarmar makokin nan.

Ranar da aka kai shi, gidan nan bai ɗauki mutane ba. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi aiki tare da shi suka cika ƙofar gida da manyan riguna. Mijin auta ya ce mini kowa abu ɗaya yake maimaitawa: Malam Akawu bai taɓa kuskuren harafi ba, takardar da ya buga ba a mayar da ita. Dangina suka zo daga Roni, nasa suka zo daga Gwiwa da Yankwashi, wasu uku-uku a kan mashin.

A cikin gida kuwa wata magana ake yi. Gwaggon yara ta zauna a tsakiyar mata, ba ta ko rage murya ba.

"Wanda ya kashe masa kwamfuta shi ya kashe shi," in ji ta. "Tun ranar nan Yayana bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba."

Mata suka ɗauka. Wannan ta ce Allah Ya raba mu da fushin iyaye. Waccan ta ce uba ya tafi yana fushi da kai, ina za ka sa kanka. Wata tsohuwa ta dafa gwiwata ta ce, "Ku dubi baiwar Allah, ko uffan ba ta ce ba. Kunyar ɗan fari kam sai Fulani."

Ɗan farin nawa yana waje, can ƙarshen tabarma. An ce mini da bakin yatsu mutane suke ba shi hannu. Ranar uku ya shigo, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya shida.

"Inna, ya haƙuri?"

Na ce mun gode Allah.

"Baffa ya tafi yana fushi da ni, Inna."

Na sunkuyar da kai. Ya jira, ya jira, ya tashi. Tun addu'ar bakwai bai sake zuwa ba, ko an kira wayarsa ba ya ɗauka.

To ku ji da kyau. Ɗana bai kashe kwamfutar nan ba. Ni na kashe ta, da ƙwaryar nono.

Auta ta ajiye biro yanzun nan, tana kallona. Ta ce, "Inna, me kika ce?" Yau ta fara ji, kamar kowa. Na ce mata ɗauki bironki, kuka kya yi daga baya.

Sai na fara gaya muku wane ne shi, don kada a manta da shi, don kuma ku gane yadda aka yi.

Mutum ne dogo, ba shi da jiki. Hularsa ba ta karkata. Biro uku ne a aljihunsa kullum, baƙi da shuɗi da ja, har bayan ya bar aiki. Shekara arba'in da shida muna tare, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana cikin raha, 'yar ruga nake. In ba ya cikinta, "Ke" kawai. Ba ya duka, ba ya ɗaga murya. Wanda bai zauna da shi ba zai ce wannan ai sauƙi ne.

Halinsa ɗaya da ya fi komai: ba ya faɗar laifinka. In gishiri ya yi yawa a miya, ba zai ce ya yi yawa ba. Zai sa yatsa ɗaya ya tura kwanon gabana, ya naɗe hannu, ya zuba mini ido. Tuwo ya huce, kowa ya yi shiru, har sai na ɗanɗana na ce da bakina, "Malam, na cika gishiri." Sannan ya jawo kwanon ya cinye tas. Haka ya yi wa 'ya'yansa, haka aka ce yana yi wa na ƙasa da shi a ofis. Yakan ce inji ba ya yi masa ƙarya, mutum ne yake yi, shi ya sa ya fi son zama da inji.

Amma kada a ce ba shi da alheri. Da aka kawo ni gari daga rugarmu da ke gindin duwatsun Roni, na rame. Ba wanda ya cuce ni, abincin ma yana nan, kawai hancina ne ya rasa warin shanu. Bai tambaye ni komai ba. Wata ranar kasuwa sai ga shi da karsana ja, ya jawo ta da ƙafa tun daga kara, wurin cinikin shanu, rigarsa ta ofis duk kashi. Danginsa suka yi ta dariya, wai akawu ya koma makiyayi a tsakiyar gari. Ya ce, "Gidana ne." Ya miƙo mini igiya ya ce, "Ga 'yar'uwarki nan, sai ki daina yi mini kuka a tuwo." Jikokin karsanar nan suna bayan gida har yau. Nononsu ne nake magana a kai.

Da ya yi ritaya, ɗan fari ya sayo masa kwamfuta irin ta tebur: akwati a tsaye, gilashi daban, allon haruffa daban. Ya sa masa sola a kan rufi da batir, don wutar gari ba ta da tabbas. Yatsunsa sun riga sun san haruffa tun zamanin tafireta, bai daɗe ba ya kama. Nan ya samu aikin ƙarshen rayuwarsa. Ya ce zai rubuta asalin zuri'arsu kaf: wa ya haifi wa, ina suka yi kiwo, wace rijiya suka haƙa, yaushe suka ajiye sanda suka shiga aikin hukuma. Ya riƙa hawa mashin yana bin tsofaffi a ƙauyukan Gwiwa da Roni da Yankwashi, da littafinsa da birorinsa. In ya dawo ya buga a kwamfuta, sai ya miƙo mini littafin ya ce, "An shigar. Hura wuta da shi." Na hura. Shekara bakwai yana wannan aiki. Yawancin tsofaffin da ya tambaya sun riga shi tafiya.

Sau ɗaya na ce masa, "Malam, akwai sunana a ciki? Nuna mini in gani."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Ke da ba ki san alif ba, ko sunan jaki na nuna miki cewa za ki yi naki ne."

Ban sake tambaya ba. Shara kawai nake shiga yi a ɗakin.

A wurin sharar na gano abin da ya halaka ni. Malam ba ya kashe kwamfutar da rana, ko zai fita, wai yawan kashewa da kunnawa ne ke tsufar da inji. Wata rana hannuna ya taɓa saman akwatin, na ji ɗumi, irin ɗumin cikin saniya da safe. Akwai 'yan huji-huji a saman, iska mai ɗumi na fitowa. Duk macen da ta tashi a ruga ta san nono ba ya kamawa da sanyi sai an ajiye shi wuri mai ɗumi. A gidanmu kusa da toka ake ajiye ƙwarya. Nan kuwa tun da auta ta kawo mana tukunyar gas, ba kullum ake hura wuta ba, toka mai ɗumi ta yi wuya a gidan. Sai na riƙa yi: in ya fita tun hantsi, in ɗora 'yar ƙwaryata a kan akwatin, in rufe da faifai, in ɗauke kafin la'asar. Kindirmo ya kama kamar an yanka da wuƙa. Shi da kansa ya sha ya ce na ƙara iyawa. Sanyi biyu ina yi, ba abin da ya faru.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Gwiwa ce. Da safe ɗan fari ya zo daga Babura da sabon batir, don tsohon ya yi sanyi. Ya canza, ya kunna kwamfutar a gaban ubansa, ta tashi lafiya lau. Ya sha fura ya tafi. Malam ya hau mashin ya nufi wurin wani tsoho. Na ɗora ƙwaryata.

Bayan azahar na ji ƙarar mashin a ƙofar gida. Gabana ya faɗi, na ce ya dawo da wuri. Na shiga da gudu, na ɗaga ƙwaryar, bakinta ya bugi gefen gilashin, ta kife. Ina kallo nonon yana bin hujin nan yana shiga. Na ji tas, na ji ƙauri kamar an babbake gashi. Fankar da ke ciki ta tsaya, gilashin ya yi baƙi. Mai mashin kuwa baƙon maƙwabta ne.

Na goge akwatin da gefen zanena. Na wanke ƙasa. Na kawo kasko na turara ɗakin da turaren wuta har idona ya yi ja.

Bayan la'asar ya dawo. Ina bayan gida na ji, "Ke!"

Na same shi tsaye, yatsansa a kan maɓallin.

"Wa ya shigo ɗakin nan?"

"Shara kawai na yi, Malam."

Ya dube ni, ya dubi kaskon turare. Ya cire hula ya ajiye, ya naɗe hannun riga. Ya ce, "A fara daga bango." Haka yake cewa a kan duk abin da ya lalace, ko rediyo ko dutsen guga. Ya zare wayar daga soket, ya sa rediyonsa a wurin, rediyo ta yi magana. Ya ce, "Bango lafiya." Ya aike ni na ɗauko wayar butar lantarki, bakinsu iri ɗaya ne, ya canza ya danna. Shiru. Ya ce, "Waya lafiya." Ya kunna gilashin shi kaɗai, wata 'yar fitila ta kawo a gindinsa. Ya ce, "Gilashi lafiya." Ya cire duk abin da ke maƙale a bayan akwatin, allon haruffa da firinta da komai, ya bar ta da wayar wuta kaɗai. Ya danne maɓallin ya daɗe. Ya kafa kunnensa a jikin ƙarfen yana jiran ɗan kukan nan, tit, da take yi kowace safiya in ta tashi. Har aka kira magariba bai ji shi ba.

Washegari da hantsi ya ɗauko sukundireba. Ya ba ni tocila ya ce in haska masa. Ya kwance gefen akwatin. Ban taɓa ganin cikinta ba sai ranar. Akwai wani babban allo kore kamar an zana gari a kai, kuma a jikinsa, daga sama har ƙasa, ga farin sawu ya bushe. Ya sa fuskarsa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Ni kuwa ina haska masa. Na ce a raina turare ya rufe warin, farin kuma zai ɗauka ƙura ce.

Ya ɗago, ya gyara tabarau.

"Wa ya taɓa ta?"

"Allah masani, Malam."

Ya naɗe hannu ya zuba mini ido, irin kallon kwanon miya. Shekara arba'in da shida duk ranar da ya yi mini wannan kallon ina faɗa. Ranar nan na kasa. Na tuna littattafan da na hura wuta da su da hannuna. Na tuna tsofaffin da suka mutu. Na ga an miƙo mini takardar saki da furfurata, na ga kaina a motar Roni, rugar da babu sauran wanda ya san ni sai 'ya'yan ƙanne. Na haɗiye maganar.

Ya koma aikinsa. Ya zaro wasu 'yan alluna sirara guda biyu masu haƙora kamar na zinariya, ya goge haƙoran da abin goge fensir, ya hura, ya mayar, ya danna. Ya sa ɗaya ya bar ɗaya, ya danna. Ya ɓamɓaro wani ɗan batir kamar kwabo, ya je wurin mai gyaran agogo ya sayo sabo, ya sa, ya danna. Ko fankar ba ta motsa ba.

Rana ta uku ya ce, "An gama da inji. Saura mutum." Ya ɗauki waya ya kira Babura.

A tsakar gida aka yi. Gwaggon yara tana nan, ta zo wuni. Malam yana kan kujera, ɗan fari ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa.

"Kai ka canza batir?"

"Ni ne, Baffa. Amma ai a gabanka ta tashi bayan na canza."

"Ban tambaye ka amma ba."

"Allah Ya huci zuciyarka, Baffa. In laifina ne ka yafe mini. Bari in ɗauke ta yanzu in kai Kano, gobe war haka tana nan."

"Ba mai taɓa ta. Shekara bakwai ina tara kakanninka, ka zo ka ƙone su kafin ka gama shan fura. Me ka sani a duniya ban da mudu da buhu?"

Ɗana bai ɗago ba. Sai Malam ya juyo gare ni. Ina zaune a gindin turmi.

"Ke. Kina da magana?"

Kowa ya san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Kafin in buɗe baki gwaggo ta ce, "Haba Yaya, ɗan fari ne fa, me kake so ta ce?" Ta miƙo mini mafaka, ni kuwa na shige. Na jawo mayafi na rufe fuska.

Na ce, "Ba ni da magana."

Malam ya jima yana kallona. Sannan ya ce da ɗansa, "Tashi. Kada ka sake tako ƙofar gidan nan sai ranar da ta tashi."

Ɗana ya ɗauki takalmansa a hannu. A bakin zaure ya waiwayo sau ɗaya. Ba kallon tuhuma ya yi mini ba, kallon ban haƙuri ne, wai don kada in damu. Da zagina ya yi da ya fi mini.

Daga ranar Malam ya ƙirƙiro wata al'ada. Kowace safiya in ya gama karin kumallo sai ya ce, "Ke, zo ki gani." In je in tsaya. Ya danna maɓallin, mu yi shiru tare.

"Ta tashi?"

"A'a, Malam."

"To."

Bayan 'yan kwanaki kiyashi suka yi layi daga ƙofa, suna hawa ƙafar tebur suna shiga akwatin. Na zo da tsintsiya. Ya ce, "Bar su. Me kiyashi yake nema a cikin ƙarfe, 'yar ruga?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Su sun sani." Yau da nake faɗa, ko jariri zai gane. A lokacin ma zuciyata ta gane, ni ce na ƙi ganewa.

Da aka yi kusan wata, mijin auta ya kawo mai gyara, wani dattijo mai shago kusa da tasha. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya fara daga soket, Malam ya ce duk ya yi wannan. Ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe daga jakarsa, ya ce shi ne mai raba wuta, fawa ake ce masa, ya haɗa nasa a madadin na ciki. Fankar ta yi ɗan zillo ta tsaya. Ya ce fawa ta ƙone, babban allon ma ya ƙone. Sai na ji yana jan hanci.

"Baba, kamar wani abu ne ya..."

"Abin da na tambaye ka za ka faɗa. Rubutuna yana nan ko ba ya nan?"

"Yana nan daram, Baba. Ka ga wannan mai kama da sabulun wanki? Nan ne rumbun. Ko ɗigo bai taɓa shi ba. A canza waɗancan biyun, kafin azahar kana karatu."

Mijin auta ya ce, "To batir ne ya ƙona ta?"

Kafin mai gyara ya amsa, sai muryar Malam: "Rufe ta. Na gode. In na buƙace ka zan aiko."

Na jingina da bango. Ashe kakannin ba su ƙone ba. Ashe abin da na ji tsoro babu shi. Za ku ce to me ya hana ni faɗa ranar? Wata guda ɗana yana waje. Da, ƙwarya kawai na kifar. Yanzu kuwa uwa ce da ta zauna a gindin turmi ta bari aka kori ɗanta. Kowace safiya na ce "A'a, Malam," laifin sai ya ƙara nauyi. Sau biyu na je ƙofar ɗakinsa da maganar a bakina, in ya ɗago ya dube ni sai in ce ruwan alwala na zo tambaya.

Ɗana bai zauna ba. Ya aiko da buhun gero, Malam ya sa aka mayar. Ya zo da limamin unguwa, Malam ya fita zaure ya gaisa da liman cikin girmamawa, ya saurari nasiha har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ta tashi ne?" Liman ya ce to a bari a gyara mana. Ya ce, "Akwai abin da nake jira." Ba wanda ya gane. Aka ce tsufa ne da taurin kai.

Yana ramewa a idona. Mutumin da ya saba buga rubutu tun safe, ya koma zama yana kallon baƙin gilashi. Ya hana kansa aikin da ya fi so, ya hana kansa ɗansa, ya hana kansa jikokinsa. Auta ta yi kuka ta gaji. Wata rana bayan azahar ya faɗi a ƙofar masallaci. Hawan jini ne. Bayan kwana biyar a asibiti aka dawo da shi, ɓarin hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi amma ana jin maganarsa. Ɗana ya zo ya tare a zaure kwana uku, yana jin tarin ubansa ta bango. Auta ta durƙusa ta ce, "Baffa, don Allah don Annabi, Yaya yana zaure." Sai ya juyo da idonsa kaina. Ni kuma in gyara masa matashi.

Bayan addu'ar bakwai mijin auta ya ɗauki akwatin ya kai wa mai gyaran nan a tasha. Kamar yadda dattijon ya faɗa, kafin azahar ta yi tit. Da aka tambaye shi me ya ƙona ta, ya ce mamaci ya hana shi magana tun yana raye, ba zai saɓa masa yana kabari ba. Aka aika Babura cewa ta tashi. Ɗana ya ce wanda zai ce masa ya shigo ba ya nan.

Komai yana ciki, ko harafi bai ɓace ba. Auta ta zaunar da ni tana karanta mini, don ta faranta mini rai. Ta ce, "Inna, ga ki nan!" Ashe ya rubuta sunana, cikakke, da na mahaifina, da na rugarmu, har da jar karsana. Tun bara ya rubuta. A ƙarshen wurin ya ce: matata ba ta san harafi ba, amma tun da na aure ta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Auta tana hawaye tana murmushi, ta ce, "Kin ji, Inna? Kin ji abin da Baffa ya ce?" Na ji.

Shi ya sa na fara da tambayar da na fara. Wani lokaci in ce ya tsare mini mutunci ne, bai so ƙanwarsa ta ji cewa 'yar ruga ta zuba nono a kan kakanninsu, ya ga ɗa namiji zai iya ɗauka. Wani lokaci in ce a'a, ya san inda zai taɓa ya fi yi mini zafi, ya taɓa, ya naɗe hannu yana jira, kamar yadda ya saba. Wani lokaci in ce layin nan da ya rubuta yake karewa, ba ya so ya goge shi da hannunsa. Ban sani ba. Abin da na sani, mu biyu muka ja igiya, ɗanmu ne a ɗaure a tsakiya.

Kai da bakina bai saba kiran sunanka ba, na sa auta ta rubuta shi a bayan takardar nan. Ubanka bai mutu yana fushi da kai ba. Ya san ba ka yi komai ba. Gwaggo, ki janye maganarki a gaban matan da kika faɗa, in kina neman wanda ya kashe yayanki ga ni a ɗaki ina takaba. Ku da kuka yaba mini kunya, ba kunya ba ce, tsoro ne. Ban ce ka yafe mini ba, ɗana. Na ce dai ka zo gidan ubanka ka shigo da takalmanka.

Saura abu ɗaya, auta, rubuta shi yadda ya faɗa.

Safiyar da zai rasu, rana ta fito, auta ta leƙa zaure kai wa yayanta shayi. Mu biyu ne a ɗakin. Na dama masa fura da nono, na tallafo kansa, na kai ludayi bakinsa. Bai sha ba. Ya ja numfashi a kan ludayin, ya lumshe ido, ya buɗe.

"'Yar ruga."

"Na'am, Malam."

"Wannan warin na ji, ranar da kika riƙe mini tocila."

Ludayin ya faɗi a kan bargo. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ya riga ni. Ya ɗaga yatsan nan ɗaya na hannun da ke motsi, ya tura ƙwaryar gabana a hankali.

"Ni na kore shi," ya ce. "Ke kika bar shi a waje."